Hunturu biyu ina fama da tumatirin gado a tsakar gida

Ƙanina ne ya jawo mani wannan aiki. Da ya zo hutu daga Ingila a Disambar 2022 kowa ya samu tsarabar shi, wasu turare, wasu agogo, ni kuwa sai ya miƙo mani 'yan ambulan guda biyar, kowace ba ta kai tafin hannu ba. Na girgiza ɗaya na ji abu na motsi kamar riɗi.

"Yaya, irin tumatir ne. Tunda kullum kina ƙorafin na kasuwa ba shi da ɗanɗano, ga na kakannin Turawa nan."

Na yi godiya don kara, amma a raina na ce yaron nan ya raina ni. Har ya koma ban buɗe su ba.

Turawa na kiran waɗannan iri da wata kalma mai ma'anar kayan gado, abin da kaka ta bar wa jika. Ni ma sai na riƙa ce masu irin gado. Tsofaffin iri ne da aka yi shekara hamsin, wasu fiye da ɗari, ana ajiyewa hannu da hannu, kuma sharaɗinsu ɗaya ne: in ka cire ƙwayar daga cikin tumatirin ka shuka, uwar ce za ta sake fitowa sak. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wannan ne ya raba su da irin da ake rubuta F1 a jikin fakitin shi, wanda kamfani ke aurar da iri biyu ya fitar. Shukar farko ta F1 kyakkyawa ce, ga yabanya ga 'ya'ya, amma in ka ajiye irin shi sai jikokin su watse, wannan ya ɗauko kaka na wajen uwa, wancan na wajen uba. Na taɓa ganin haka da idona ban san dalili ba. Wata shekara na matse wani jan tumatir mai sheƙi da na saya na shuka bayan ɗakin girki, abin da ya fito ko kama da shi bai yi ba.

Sunayen da ke jikin ambulan ɗin su ne Brandywine, Cherokee Purple, Black Krim, San Marzano da Yellow Pear. Na farkon ɗan Amurka ne, tun shekarun 1880 ake sayar da irin shi, kuma ganyen shi irin na dankalin Turawa ne. Na biyu ma daga Amurka yake, daga jihar Tenesi, a 1990 aka raɗa mashi sunan da yake amsawa yanzu. Black Krim ya ci sunan yankin Kirimiya ne da ke bakin Bahar Aswad. San Marzano sunan wani gari ne kusa da Napoli a Italiya. Na ƙarshen kuwa ɗan mitsitsi ne, rawaya, mai wuya kamar ɗan tulu.

Gidanmu na wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina, kuma bayan ɗakin girki akwai ɗan fili inda nake da zogale biyu, da yakuwa da alayyafo in damina ta sauka. A tsakiyar Janairu na zuba reno a wata tsohuwar roba. Cikin mako guda suka tsiro. Ƙarshen Fabrairu na yi dashe a ƙasa, na zuba taki, na dage da ban ruwa. Abin ya yi kyau har maƙwabta na leƙowa. Kafin azumi ya raba tsakiya sun kai mani ƙirji, ganye shar, fure ko'ina. Sai dai kullum da safe in na fito sai in tarar da furen a ƙasa. Ya buɗe, ya yi kwana biyu, wuyan shi ya yi rawaya, ya faɗo. Na ƙara taki, na ƙara ruwa, ganye ya ƙara yawa, furen bai fasa zuba ba. Maigidan ya ce in dai miyar ganyen tumatir ake yi to mun huta da cefane.

Bayan sallah na sa ya kai ni lambun Ƙofar Marusa wajen wani dattijo da muka daɗe muna sayen salak da albasa a hannun shi. Na ɗaure furen da ya zube a leda na kai mashi kamar mai kai mara lafiya asibiti. Ko kallon ledar bai yi sosai ba.

"Malama, yaushe kika zuba reno?"

"Tsakiyar Janairu, Baba."

Sai da ya yi dariya har ya riƙe hula. "Ai lokacin mu muna tsinka. Tumatir ɗan sanyi ne. In zafi ya riske shi yana huda, ko madara kike ba shi ba ya riƙe ɗiya."

Daga baya na ga lissafin a rubuce, kuma bai saɓa da maganar Baba ba. In zafin rana ya haura digiri 32, dare kuma ya ƙi sauka ƙasa da 21 ko 22, garin da ke cikin furen lalacewa yake, ba a samun ɗaukar ciki, sai uwar ta yar da furen. To Katsina a watan Afrilu 40 muke gani a tsakar rana, da dare kuma kowa na waje kan tabarma yana fifita. A jikin ambulan an rubuta a yi dashe in sanyi ya wuce, ni kuma na bi, na manta wanda ya rubuta ƙanƙara yake gudu. Mu nan sanyin ne kaɗai damarmu.

Da na zo tuge su sai na ga wata matsalar. Saiwoyin duk sun yi ƙulu-ƙulu kamar carbi. Baba ya ce ƙasar ta gaji. Ƙanina ya ce wasu tsutsotsi ne da ido ba ya gani, suna son ƙasa mai rairayi irin tamu, suna shiga saiwa su hana ta shan ruwa. Irin zamani da yawa an gina masu kariya daga cututtuka, shi ya sa ake ganin haruffa irin V da F da N bayan sunansu, kamar Roma VF da manoman rani suka sani. N ɗin nan ita ce ta wannan tsutsa. Irin gado galibi ba su da wannan sulke. Don haka na yanke shawarar ba zan sake sa su a wannan ƙasa ba. Na sa aka kawo mani ƙasa kura biyu daga gonar wani ɗan'uwa, na baje ta, na jiƙa ta sosai, na lulluɓe da farar leda mai nuna ciki, na danne gefe da bulo. Ta yi mako biyar tana dahuwa a ranar Mayu. Zafin da ya kashe mani fure shi na sa ya gasa mani ƙasa.

A cikin daminar nan ne na tuna da tumatirin Gwaggo. Muna yara in aka kai mu Daura hutu, akwai wani tumatir da take shukawa gefen rijiya, faffaɗa, mai tsaga-tsaga kamar 'yar kabewa, ga tsami ga ƙamshi. Irin shi a ƙullin tsumma take ajiyewa a soke a rufin ɗaki. Na buga mata waya.

"Ke 'yar nan, wa ke ta wannan yanzu? Tun da 'yan lambu suka koma irin UTC da Roma ai ya ɓace. Shi ba ya jure kwando."

Gaskiya ta faɗa. Tumatirin da zai kwana biyu ko uku a saman mota kafin ya isa Legas dole ya zama mai tauri, mai kaurin fata. Ba don baki aka zaɓe shi ba, don hanya ne. Na ci gaba da cigiya har a watan Agusta, a hanyar Ajiwa, na hango shi a faifan wata tsohuwa, kashi uku, duk sun fara laushi. Na saye duka. Ba zan rantse cewa shi ne ainihin na Gwaggo ba, amma kamar ta yi yawa, kuma sunan da na ba shi ke nan.

Zagaye na biyu na fara a makon ƙarshe na Satumbar 2023, ruwa na shirin ɗaukewa. Na huda gindin roba shida, kowane iri da tashi, na cika da ƙasar da na gasa haɗe da tsohon takin awaki da na tankaɗe a rariya. Zurfin ramin bai wuce rabin gaɓar yatsa ba. Abin da ya fi yi mani amfani a wannan mataki tsohon gidan sauro ne. Na kafa shi a kan robobin na danne bakin shi, ya tsare kaji, ya tsare ƙadangaru, ya kuma tsare ɗan farin ƙudan nan da ke maƙalewa a bayan ganye. Shi ne ke ɗauko cutar da ke sa ganye ya nannaɗe ya yi rawaya, shukar ta tsugune ta ƙi girma, kuma in ta kama tun a reno babu magani sai tugewa.

Bayan mako biyar, a farkon Nuwamba, na yi dashe da la'asar sakaliya. Buhun shinkafa goma sha takwas, kowane iri uku, na naɗe bakinsu zuwa rabi, na huhhuda gindin. Ƙasa kashi biyu, taki kashi ɗaya. Baba ya gargaɗe ni kan ɗanyen kashin kaji, ya ce ƙona saiwa yake. Shi ne kuma ya koya mani in binne karan har zuwa ganyen farko, don duk inda ƙasa ta taɓa jikin karan tumatir saiwa yake fitarwa.

Nan na fara ganin bambancinsu da na lambu. UTC da Roma gajeru ne, su yi tsawo kaɗan su tsaya, su zuba 'ya'ya kusan lokaci guda, a tsinke a tashi. Waɗannan kuwa ba su san tsayawa ba, hawa suke ta yi suna fure suna hawa, har su wuce kan mutum. Na kafa masu karan dawa, gara ta cinye gindin cikin mako uku, wata safiya na tarar da biyu a kwance. Sai na koma sandunan bedi, na riƙa ɗaure su da tsumman atamfa sako-sako don kada ya shaƙe karan. Akwai kuma tohon da ke fitowa a hammatar kowane ganye. In aka bar shi reshe yake zama, shukar ta cunkushe, 'ya'yan su ƙanƙance. Duk Juma'a da safe nake bi in tsinke su da farce, in bar kara ɗaya ko biyu. Hannu ya yi baƙi-baƙi, ya yi wannan warin ganyen tumatir da sabulu ba ya fitarwa da wuri.

Ruwa shi ne kuɗin abin. Da suka girma kowane buhu na shan kusan lita uku a rana, ka ga sama da jarka biyu ke nan kullum, a garin da famfo ke zuwa in ya ga dama. Ranar da babu sai mai ruwa. Na koma tara ruwan wankin shinkafa da na alwala, duk wanda dai babu sabulu a ciki. Iskar hunturu kuma tsotse ƙasa take kamar da gayya, sai da na rufe bakin kowane buhu da ɓawon gyaɗa sannan laima ta fara kwana. Da hantsi in na wuce nakan ɗan girgiza sandunan, saboda furen tumatir shi ke yi wa kan shi barbara, motsi kawai yake buƙata garin ya zubo. A daren Disamba da muke rufa da bargo biyu, furen ko ɗaya bai faɗi ba.

A Janairu na tafi biki Daura na kwana huɗu, na bar wa samarin gidan amanar ban ruwa. Suka manta kwana biyu, ranar da zan dawo suka tuna, suka yi ta kwarara ruwa har yana malala don kada in gane. Tumatirin ne ya tona masu asiri. Black Krim da suka kusa nuna duk suka tsage ta kafaɗa, San Marzano kuma bayan 'yan kwanaki gindinsu ya yi baƙi ya lotsa kamar an ɗana masu wuta. Wata maƙwabciyata ta ce in daka ɓawon ƙwai in zuba. Ba ta yi ƙarya ba, sinadarin da ke cikin ɓawon ƙwai shi ne ɗan tumatirin ya rasa, amma ba don babu shi a ƙasar ba. Ruwa ne ke ɗaukar shi zuwa cikin ɗan, in ruwan ya yanke sai gindin ya mutu. Ɓawon ƙwai kuwa sai ya yi watanni bai narke ba. Da ban ruwa ya daidaita, 'ya'yan da suka biyo baya lafiya suka fito.

Annobar tumatir da ake kira Sharon ta iso a Fabrairu. Duk wanda ya yi cefane a 2016 bai manta da ita ba, shekarar da ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da nan Katsina, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, gidaje suka koma na gwangwani. 'Yar tsutsa ce da asalinta Kudancin Amurka, can inda shi kan shi tumatir ya samo asali. Tana shiga tsakanin fatar ganye ta yi ta ci, sai ka ga farin tabo kamar an goge ganyen. Da buhu goma sha takwas ana iya bin ta da hannu. Kullum nakan tsinke ganyen da ta shiga in jefa a murhu, duk bayan kwana biyar kuma in daka 'ya'yan bedi in jiƙa su kwana, in tace, in fesa da yamma. Bai kashe ta duka ba, kada wani ya ce na ce. Ya dai rage mata ƙarfi har na ci rabona.

Yellow Pear ne ya fara nuna, wajen 20 ga Janairu, kuma kusan babu wanda ya kai ɗakin girki. Yara ke tsinkewa suna ci kamar goruba ta faɗo. Ɗanɗanon shi ba wani abin a zo a gani ba ne, amma ba ya gajiya da haihuwa.

Ranar da na yanka Black Krim na farko na kai wa maigidan a faranti, ya duba ya ture.

"Wannan ai ya ruɓe."

"Malam, ɗanɗana dai."

Launin shi kamar hanta, kafaɗar kore-kore ko ya nuna. Ya ɗauki yanki ɗaya don kada in ji haushi, sai ga shi ya cinye farantin. Yana da wani ɗan gishiri-gishiri na kan shi, ga zaƙi ga nauyi a baki, irin wanda ba ya buƙatar komai sai albasa da ƙuli. Cherokee Purple ɗan'uwan shi ne a kama, ya fi shi zaƙi kaɗan, ya kuma fi shi rowar 'ya'ya. Amma duka biyun kada a kai su tukunya. Na gwada jar miya da su ranar da muka yi baƙi, ta fito ruwan ƙasa kamar an zuba daddawa ta yi yawa, na yi ta ba da haƙuri. Na ci ɗanye ne, a kwaɗon zogale ko a salak, kuma ranar da aka tsinka a ranar za a ci.

Brandywine kuwa sarauta gare shi. Buhu uku, wata huɗu ina hidima, 'ya'ya bakwai ya ba ni. Babban cikinsu ya haura rabin kilo, ruwan hoda, kuma ban taɓa cin tumatir mai daɗin shi ba. Sai dai ya fi kowa jinkiri, kafin ya kammala shiri zafin Maris ya kawo kai. In na lissafa jarkokin da ya sha, kowane ɗa ya fi kaza tsada. Na sallame shi.

Wanda ya biya kuɗin ruwan shi San Marzano ne. Dogo ne, nama cike, ƙwaya kaɗan, ruwa kaɗan. Markaɗen shi ba ya daɗewa a wuta kafin ya tsotse, kuma ba sai an jefa kanwa don kashe tsami ba. Na yanka wasu na shanya a kan rufin kwano, kwana huɗu suka zama kauɗa ja wur, ba irin baƙar nan mai ƙasa-ƙasa ta kasuwa ba.

Na Gwaggo ba zan yi mashi ƙarya don zumunci ba. Ruwa ne da ƙwaya, fatar kamar takardar sigari, ga tsamin da dole sai da kanwa. A jar miya San Marzano ya fi shi nesa ba kusa ba. Amma a miyar taushe da ta ɗanyar kuɓewa, ƙamshin da na yi shekaru ina nema shi ne ya taso. Kuma da azumin 2024 ya kama a watan Maris, na Turawan nan suka fara zubar da fure ɗaya bayan ɗaya, shi ya ci gaba da riƙe 'yan kaɗan har bayan sallah. Sai dai na ƙarshen ba su yi ja sosai ba, ruwan lemo suka tsaya, don zafi in ya yi yawa hana tumatir yin ja yake.

Cire iri shi ne aikin da na fi jin daɗi, shi ne kuma dalilin duk wannan wahala. Tun a Disamba na zaɓi uwa mafi lafiya a kowane iri, na yanko gidan sauro na ɗaure wani gungun fure tun bai buɗe ba, don kada ƙudan zuma ya kawo garin maƙwabci ya gauraya mani su. Da suka ɗaura 'ya'ya na kwance, na ɗaura jan zare a wurin don shaida. Na bar su suka nuna lugub a jikin uwar, sannan na matse ƙwayar da ruwanta a kofin gilashi, kowane iri da kofin shi da sunan shi, na ƙara ruwa kaɗan, na rufe da tsumma. Kowace ƙwaya tana cikin wani yauƙi da ke hana ta tsira, shi ake so ya ruɓe ya rabu da ita. A sanyi kwana uku ya ɗauka, farar fumfuna ta taso a sama, ga wari sai ka ce an manta da tsohon gasara. Da zafi ya shigo kwana biyu ya isa. Kofi ɗaya da na manta har kwana biyar, na tarar ƙwayar ta fara fitar da farin wutsiya, ta tashi daga aiki. Daga nan sai a cika kofin da ruwa a motsa. Mai kyau nutsewa take, fanko da datti su taso a tsiyaye, a maimaita har ruwan ya yi garau. Na baza su a farantin tangaran a inuwa, ba a rana ba, ba kuma a kan takarda ba don mannewa suke. Bayan mako guda na zuba kowanne a ambulan, na rubuta suna da shekara, na sa a kwalba mai murfi da ɗan ƙullin toka a ciki saboda laima. In an ajiye a wuri mai sanyi da duhu yana kai shekara huɗu yana tsira. Kafin in yarda da su sai da na naɗe ƙwaya goma-goma a jiƙaƙƙen tsumma na mako guda. Na Gwaggo goma suka tsiro, San Marzano tara, Black Krim takwas.

Da Satumba ta zagayo na zuba reno da irin hannuna, na kai wa Baba dashe a kwali don in rama alheri. Ya ɗaga na San Marzano ya duba saiwar, ya ce zai ba shi fangali ɗaya ya gani. Black Krim kuwa da na nuna mashi hoton a waya, kai ya girgiza.

"Malama, wannan in na kai kasuwa cewa za a yi na kwana biyar ne. Bar shi a gidanki."

Ya juya zai tafi, sai ya hango sauran guda shida a gefen kwalin ya tambayi ko su wane ne. Na ce mai tsaga-tsagan nan ne na da. Ya tsuguna ya murza ganyen ya shinshina, ya ce rabon shi da shi tun mahaifin shi na ban ruwa da jigo. Ya kwashe duka shidan, ya ce waɗannan ba na lambu ba ne, gida zai kai wa tsohuwar shi.